Yadda na haɗa jerin zaɓi da makro a Excel, bayan kayan Dutsi sun tafi Dutse

Ni akawu ne a wani ofishin aika kaya da ke Agege, nan Legas. 'Yan kasuwarmu na Arewa sukan sauko su yi sari a Balogun da Idumota da Alaba, su kawo mana kayan mu auna, mu yanka rasit, mu loda a tirela ta bi ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa har ta kai inda za ta. Mu uku ne ke shigar da bayanan kaya a Excel, kuma shekara da shekaru kowa yana rubuta sunan gari yadda hannunsa ya saba. Ni in rubuta Haɗeja, na kusa da ni ya rubuta Hadejia, yaron da ke karɓarmu da yamma ya rubuta Hadeja. Malumfashi kuwa har kala huɗu na taɓa ƙirgawa, har da mai gajarta ta zuwa M/fashi. A idonmu gari ɗaya ne, a wurin kwamfuta garuruwa huɗu ne, don haka duk ƙarshen wata in Alhaji mai ofishin ya ce a fitar masa da abin da kowane gari ya kawo, sai in yi kwana biyu ina bin layi-layi ina gyarawa. Muna nan a haka har ranar da dila shida ta atamfa da za ta Dutsi ta jihar Katsina aka rubuta mata Dutse. A gurbin jiha an sa Katsina daidai, amma masu lodi sunan gari suke dubawa, sai suka jera ta cikin kayan Jigawa. Mai kayan ya yi kwana tara yana kiran waya, kasuwar sallah tana wuce shi, Alhaji kuma daga aljihunsa ya biya motar da ta kai kayan inda ya kamata. Bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsaya a bayana yana kallon allon kwamfutar, ya ce, "Malam akawu, yanzu wannan abar da muka saya da tsada ba ta san Dutse ba ta cikin Katsina ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za a iya koya mata, a ba ni lokaci." Abin da ya biyo baya ya ci min mako shida da kuɗin da rabinsu bai kamata su fita ba, shi ya sa nake rubuta shi yadda ya faru, ko wani akawun zai huta.

Abin da nake so a bayyane yake: in mutum ya zaɓi jiha a gurbi ɗaya, gurbin da ke kusa da shi ya ba shi ƙananan hukumomin wannan jihar kaɗai, kada ya karɓi wani abu da aka buga da hannu. Rabin farko da kaina na yi shi cikin minti goma. Za ka haskaka guraben da kake so, ka shiga Data, ka taɓa Data Validation, ka zaɓi List, ka rubuta sunayen kana raba su da waƙafi. Jihohi goma muke kai wa kaya: Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Bauchi, Yobe da Borno, duk suka fito da 'yar kibiyarsu a gefe. Rabi na biyun ne ya gagare ni. Cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, waɗannan jihohi goma suna da 250, sai na zuba su duka a jeri ɗaya bisa tsarin haruffa. Jerin da ke saukowa suna takwas kawai yake nunawa a lokaci guda a Excel ɗinmu, sai ka yi ta ja kafin ka kai Wudil, mai kaya yana tsaye a kanka. Abin da ya fi muni, tsarin haruffan ya jera Dutse da Dutsi da Dutsin-Ma a wuri ɗaya, ɗaya a kan ɗaya. Da na ga haka na san ban gyara komai ba.

Washegari na ɗauki fayil ɗin a filash na tafi wani shagon kwamfuta, irin waɗanda ake kira bizines santa, a wajen Pen Cinema. Na tarar da layin masu buga takardu da masu cike fom, na zauna a benci kusan awa biyu, wuta ta ɗauke, aka tsaya tada janareta. Da layi ya zo kaina na yi wa mai shagon bayani, ya ce wannan sai da makro, wato 'yan umarnin da ake rubutawa a bayan fayil su riƙa yin aiki da kansu. A bakinsa na fara jin kalmar. Muka daidaita a naira dubu biyar, na ba da dubu uku kafin alƙalami, ya ce in dawo jibi. Da na koma ya nuna min a kwamfutarsa da jihohi biyu na gwaji, ya zaɓi Zamfara sai ga Gusau da Tsafe da Talata Mafara sun sauko. Na ji daɗi ƙwarai, na cika masa kuɗinsa, ya adana min a filash. Na lura wani saƙo ya fito lokacin da yake adanawa, ya danna Yes da sauri, ban tambaya ba. Da na isa ofis na buɗe, na zaɓi jiha, gurbin gari ko motsi bai yi ba. Na koma wurinsa, ya buɗe, shi ma ya ga babu komai, kuma bai ajiye kwafi ba. Sai daga baya na gane abin da ya faru. Tun daga Excel 2007 fayil ɗin da aka fi amfani da shi iri biyu ne: wanda sunansa ya ƙare da xlsx ba ya ɗaukar makro ko kaɗan, sai wanda ya ƙare da xlsm. Saƙon nan da ya danna gargaɗi ne cewa in aka ci gaba da adanawa a xlsx za a zubar da umarnin. Ban ɗauke shi macuci ba, na fi zaton bai saba da aikin ba ne, amma kuɗina sun tafi. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, kada ya biya sai an adana, an rufe fayil ɗin gaba ɗaya, an sake buɗe shi daga filash ɗin a gabansa.

Bayan sallar Juma'a ina ba wani abokina labari a bakin masallaci, sai ya ce akwai wani malami Bakatsine da ke koyar da kwamfuta a Idi-Araba, ya ba ni lambarsa. Na kira, muka gaisa, ya saurare ni har na gama. Ya ce ba zai yi min aikin ba, zai dai koya min in yi da hannuna, don ranar da abin ya lalace ba shi ne zai kasance a ofishin ba. Asabar uku, naira dubu goma sha biyar, kuma in zo da kwamfutar da zan iya komawa gida da ita in yi bita. Ta ofis babba ce ta tebur, ba ta ɗaukuwa, tawa laftof ɗin kuma batirinta ya daɗe da mutuwa. Dole na ware rabin yini na tafi Computer Village a Ikeja, na zaga layin Otigba har na sami irin batirin a dubu goma sha takwas. Na zauna aka sa, aka yi caji, na cire waya na ga ta riƙe kafin na biya, don darasin bizines santa bai bar ni ba.

Asabar ta farko na fito daga Agege da sassafe, danfo zuwa Oshodi, wata zuwa Mushin, na ƙarasa a keke. Ɗaki ne ƙarami mai kwamfuta biyar da fanka ɗaya, na jira yara 'yan makaranta suka gama darasin bugun rubutu kafin Malam ya juyo kaina. Abin da ya fara yi shi ne fito da shafin Developer, wanda a ɓoye yake zuwa: ka shiga File, sai Options, sai Customize Ribbon, ka sa masa alama. Daga nan ya ce in danna Alt da F11 tare, sai wata taga ta buɗe wadda ban taɓa sanin tana cikin Excel ba duk shekarun da na yi ina aiki da shi. Ya ce harshen da ake rubutu da shi a nan VBA sunansa, yana cikin Excel tun 1993, kuma kada tsoron Turancinsa ya kama ni. Dabarar da ya koya min a ranar ita ce har yau nake ganin ta fi komai amfani ga mai koyo. Ya sa na danna Record Macro, na haɗa jerin zaɓi da hannu kamar yadda na saba, na tsayar da naɗin, sannan muka je muka duba abin da Excel ya rubuta da kansa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: layin Validation.Delete da ke share tsohon sharaɗi, layin Validation.Add da ke kafa sabo, kalmar xlValidateList da ke cewa jeri ne, da Formula1 inda sunayen suke. Abin da nake yi da linzami ne aka mayar rubutu, ba wani tsafi ba.

Sai ya faɗi wani abu da ya kamata in maimaita a nan don amana. Ya ce jerin da ya dogara da wani jeri ana iya yin sa ba tare da makro ba: a ba sunayen kowace jiha laƙabi, a yi amfani da wani lissafin Excel mai suna INDIRECT a cikin Data Validation, shi ke nan. Na ce, "Allah gafarta Malam, to me ya kawo ni?" Ya haɗa shi a gabana, ya zaɓi Katsina, ya zaɓi Funtuwa, sannan ya koma ya canza jihar zuwa Kano. Funtuwa tana nan zaune a gurbinta, ga Kano a gefenta, Excel bai ce uffan ba. Ya ce lissafi ba ya iya goge abin da mutum ya riga ya sa a gurbi, makro ne kaɗai zai lura an canza jiha ya share garin. Irin wannan kuskuren ne ya kai atamfa Jigawa, don haka na ce makron nake so. Wanda aikinsa bai kai haka ba, INDIRECT ta ishe shi, ya huta da duk abin da zan faɗa a ƙasa. Kafin mu tashi ya nuna min inda ake sa umarnin: ba a ko'ina ba, a cikin shafin da ake aikin, ƙarƙashin Worksheet_Change, wanda ke farkawa duk lokacin da wani gurbi ya canza. Ya ce in gwada da jiha ɗaya kawai in dawo.

Ban tsaya a jiha ɗaya ba, kuma nan ne na jawo wa kaina wahalar mako guda. Dare uku ina zaune bayan isha'i ina rubuta jihohin goma duka a cikin umarnin, kowace jiha da dogon layinta na sunaye da waƙafi. Karo na farko da na gwada sai ga saƙon kuskure mai lamba 1004. Na yi ta duba haruffa ban ga komai ba, ashe layin Delete na tsallake, kuma Excel ba ya yarda a ɗora sabon sharaɗi a gurbin da ke da tsoho. Na gyara. Sai matsala ta biyu, wadda ta taɓa ni fiye da yadda na zata. Na kwafo Ƙaraye da Ƙiru da Ɗanbatta da Haɗeja da Ƙaura Namoda na manna a tagar umarni, duk haruffanmu masu lanƙwasa suka koma alamar tambaya. Ƙanƙara ta zama abin da ba ya karantuwa. Guraben Excel suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma tagar VBA tsohon tsari gare ta, ba ta san su ba. Na ji takaici, amma don aiki ya tafi na cire lanƙwasar na bar su da k da d. Daren Laraba komai ya yi aiki. Na zaɓi Kano, duka 44 suka sauko daga Ajingi har Wudil. Ranar Alhamis na sa a kwamfutar ofis, na adana a xlsm, na kira Alhaji ya gani, ya zaɓi Katsina da hannunsa ya nemi Dutse bai samu ba, ya ce madalla. Yini guda muka yi muna aiki da shi cikin jin daɗi.

Juma'a da safe na buɗe fayil ɗin, sai wani saƙo ya tare ni cewa an sami matsala a cikin abin da ke ciki, ko ina so a yi ƙoƙarin ceto abin da za a iya. Gabana ya faɗi. Bayanan kayan wata guda ne a ciki, da kuɗin mutane, kuma ban ajiye kwafi ba tun da na sa makron. Na yi bismilla na danna Yes. Lambobi da sunaye suna nan, alhamdu lillahi, amma jerin zaɓin shafin duk an cire su, har na jihohi. Na sake kafawa, muka yi aiki, na rufe, na buɗe, saƙon ya dawo. Sau uku haka. Abokin aikina ya ce mu koma yadda muka saba kafin mu yi asarar da ta fi ta atamfa, kuma ban ga laifinsa ba. Na cire makron daga fayil ɗin ofis a ranar, na kwana ina tunanin me zan ce wa Alhaji.

Asabar ta biyu aka tashi da ruwa, gosulo ya riƙe mu a Oshodi, ban isa ba sai wajen sha ɗaya. Malam ya karanta abin da na rubuta bai ce komai ba, sai ya kwafi layin Kano ya sa a gurbi, ya rubuta LEN a gefe don ta ƙirga haruffa. Ta ba da 335. Ya ce jerin da aka rubuta kai tsaye a cikin Data Validation ba ya wuce harafi 255, har da waƙafi. In da hannu kake bugawa akwatin zai tsayar da kai, amma ta hanyar makro dogon layin yakan shige ya yi aiki, sai an adana an sake buɗewa ne Excel zai ga abin da bai dace ba ya cire. Muka auna sauran: Zamfara mai 14 ba ta ko kusa ba, Katsina mai 34 da ƙyar ta sha, Kano ce ta fasa buhun. Ashe duk ranar da muka shigar da kayan Kano, kuma kullum sai mun shigar, fayil ɗin ya ɗauki ciwon. Sannan ya faɗi maganar da ita ce gaba ɗayan abin da na koya. Ya ce, "Ka mai da makro rumbu, alhali ɗan aike ne. Sunaye su zauna a shafi, shi kuma ya nuna inda suke."

Muka buɗe sabon shafi muka sa masa suna Wurare. A layin sama muka jera jihohin goma, ƙarƙashin kowace jiha ƙananan hukumominta suna gangarowa. Sai muka sake rubuta umarnin, kuma abin da ya ci min dare uku ya dawo bai kai layi ashirin ba. Aikinsa kamar haka ne: in gurbin da ya canza yana cikin layin jihohi, ya share gurbin gari na kusa da shi, ya je shafin Wurare ya nemo jihar a layin sama da Match, ya gano inda sunayenta suka ƙare ta hanyar haurowa daga ƙasan shafi da End da xlUp, ya share tsohon sharaɗi, ya kafa sabo, amma a Formula1 maimakon sunaye sai ya sa alamar daidai da sunan shafin da adireshin guraben, misali daga A2 zuwa A45 in Kano ce. Adireshi 'yan haruffa ne, ko jiha tana da gari dubu ba zai kai 255 ba. Kuma tun da sunayen a gurabe suke, na mayar wa Ƙanƙara da Ɗanja da Haɗeja lanƙwasarsu, suka sauko a jerin yadda muke faɗarsu. Na daɗe ina kallonsu. Malam ya ƙara da cewa in wata rana dole sai na sa irin harafin a cikin umarnin kansa, kamar a saƙon gargaɗi, akwai ChrW: lamba 409 ita ce ƙ, 599 ita ce ɗ, 595 ita ce ɓ. Muka adana, muka rufe, muka buɗe sau biyar, babu saƙo.

Akwai layi biyu da ya sa na ƙara waɗanda ban fahimci nauyinsu ba sai tsakiyar mako. Tun da makron yana share gurbi, sharewar ma canji ce, za ta sake tada shi. Don haka a farkonsa ana kashe sauraron canji da Application.EnableEvents a sa False, a ƙarshe a mayar True. Ranar Talata da yamma yaronmu ya haskaka layi goma na kayan da aka soke ya goge su a tare. Makron ya zaci gurbi ɗaya ne ya canza, ya ci karo da goma, ya tsaya da kuskure mai lamba 13, yaron ya danna End ya ci gaba da aikinsa. Daga nan makron ya yi shiru. Ana canza jiha, gari ba ya sharewa, kuma ba wani saƙo. Ya tsaya ne bayan ya kashe sauraro, kafin ya kai layin da zai kunna. Na kira Malam da dare ina ba shi haƙuri, ya ce ba komai, in shiga tagar umarni in danna Ctrl da G, a ƙaramar tagar da za ta fito in rubuta layin da True in danna Enter, ko kuma in rufe Excel gaba ɗaya in sake buɗewa. Nan take ya farfaɗo. Asabar ta uku a kan irin waɗannan muka ƙare: muka sa sharaɗin cewa in guraben da suka canza sun wuce ɗaya ya fita ba tare da ya taɓa komai ba, muka sa On Error yadda ko ya yi tuntuɓe sai ya bi ta layin kunnawa kafin ya fita. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu. Abin da makro ya goge Ctrl da Z ba sa dawo da shi, don haka kullum kafin a taɓa umarni a ajiye kwafi. Sannan in mutum ya kwafo gurbi daga wani wuri ya manna a kan mai jerin zaɓi, sharaɗin yakan tafi tare da mannawar, ya karɓi ko mene ne. Wannan sai dai a yi wa ma'aikata magana, kuma na yi.

Na zaci an gama, sai Alhaji ya ce a tura wa ofishinmu na Kano su ma su yi amfani da shi. Na tura ta imel. Akawun can ya kira ya ce wani jan layi ya fito a sama, kuma babu inda zai danna ya kunna makro. Ni a wurina rawaya ne ke fitowa mai Enable Content, sai na kasa gane abin da yake faɗa har ya ɗauko hoto ya turo. Tun 2022 Microsoft ta mai da shi ƙa'ida cewa fayil ɗin da ya zo ta intanet a toshe makronsa, saboda ta wannan ƙofar ɓarayi ke cusa wa mutane muggan manhajoji. Maganin shi ne a rufe fayil ɗin, a danna masa linzamin dama, a shiga Properties, a sa alama a Unblock da ke ƙasa, sannan a buɗe. Ya yi, ya tafi daidai. Amma na roƙe shi, kuma ina roƙon mai karatu, kada a yi wa kowane fayil haka, kuma kada a shiga saiti a buɗe wa duk makro ƙofa don gudun wahala. Wanda ka san wanda ya rubuta shi kaɗai za ka buɗe wa. Shi kuma ɗan Alhaji ya so ya riƙa shigar da kaya ta wayarsa a wajen lodi, sai muka tarar Excel na waya da na burauza ba sa tafiyar da makron VBA. Aikin shigarwa dole ya tsaya a kwamfuta.

In na haɗa lissafi, dubu biyar a bizines santa, goma sha takwas batir, goma sha biyar kuɗin Malam, kusan dubu tara kuɗin mota, naira dubu arba'in da bakwai ke nan, Alhaji ya mayar min da su duka ban roƙa ba. Da na san abin da na sani yanzu, da ranar farko zan fara da shafin sunaye, in zauna in tace rubutun kowane gari sau ɗaya kafin in taɓa wani umarni, don nan ne aikin gaskiya yake. Da zan adana a xlsm tun kafin in rubuta layin farko, in gwada a kwafi ba a fayil ɗin da kuɗin mutane ke ciki ba, kuma in fara gwaji da jihar da ta fi kowace yawa maimakon wadda ta fi sauƙi. Gwajin da bai haɗa da rufewa da sake buɗewa ba bai cika ba, sau biyu wannan ya kama ni. Kuma da na bi maganar Malam na tsaya a jiha ɗaya a makon farko, da dare ɗaya zan ɓata ba uku ba. Rahoton ƙarshen watan da ya wuce kafin la'asar na miƙa shi.

Akwai sauran aiki, kuma direbobi ne suka nuna min shi. Su da masu kaya ba da sunan ƙaramar hukuma suke magana ba. Mai kaya zai ce Azare, jerin kuma Katagum ya sani. Zai ce Gashuwa, jerin ya ce Bade. Kafanchan tana ƙarƙashin Jama'a, Saminaka tana ƙarƙashin Lere, mai kai kaya kasuwar Dawanau ba zai ce maka Dawakin Tofa ba. Shekaranjiya wata hajiya ta kawo katan goma sha biyu na takalma za su Azare, yaronmu ya yi ta ja yana nema bai gani ba, ya kira ni. Na buɗe shafin Wurare, na gangara ƙarshen layin Bauchi, na rubuta Azare, na ce ya sake zaɓar jihar. Ta fito a ƙasan jerin ba tare da na taɓa umarnin ba. Yanzu duk direban da ya dawo daga Arewa nakan zaunar da shi a wurin mai shayi da littafi a hannuna, ya lissafo min garuruwan da yake sauke kaya a hanyarsa, ina rubuta kowanne ƙarƙashin jiharsa. Na gama da na hanyar Sakkwato da na Katsina, ina jiran direban Maiduguri ya iso ranar Litinin.